Ranar da Layinki Ya Tafi, Ina Masu Karatu Za Su Same Ki?

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin maƙalar wannan mako. Na san abin da aka saba tattaunawa a nan shi ne dabarun buɗe labari, gina taurari, da rigimar nan ta haɗe kalma da raba ta wadda ba ta ƙarewa. Yau zan ɗan ratse, amma ba nisa zan yi ba. Maganata a kan adireshi ce, wato inda mai karatu ko mai saye zai same ka idan ya neme ka.

Bari in fara da abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Akwai wata 'yar ƙungiyarmu da ke aure a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Ta yarda in ba da labarin, da sharaɗin kada in kama suna. Littattafai uku ta rubuta na kuɗi, irin wanda ake biyan ɗari biyar a tura shaidar biya a saka mutum a guruf. Da wannan kuɗin take sayen data, take yi wa yaranta ɗinkin sallah, har ta taɓa taimaka wa maigidan da buhun taki. Wata rana da hantsi tana tsakiyar surfe, wani ya kira ta da murya mai ladabi, ya ce daga ƙungiyar marubuta ne, za a yi taro ta Zoom da daddare, an turo mata lambobi shida ta karanto masa ya saka sunanta. Hannunta duk dusa, ta karanto. Kafin ta gama bakace WhatsApp ɗinta ya bar wayarta.

Kwana biyu ɓarawon ya yi yana amsa saƙonni da sunanta. Ya sanar da sabon littafi, ya ba da lambar asusunsa, mutane suka yi ta turawa. Ya saka wata lambarsa a matsayin admin a gurufanta, ya cire wadda take taimaka mata. Da ta samu ta shigo gari aka nuna mata yadda za ta sake rajistar lambar, an dai fitar da shi, amma ya riga ya kafa tasa lambar sirrin ta mataki na biyu, don haka sai da ta jira kwana bakwai kafin ta iya shiga. A cikin waɗannan kwanaki babu wata ƙofa ta biyu da mai karatu zai ƙwanƙwasa ya ce, "Anti, da gaske ke ce?" Kuɗin da aka cuci mutane ba su kai zafin abin da ya biyo baya ba. Har yau akwai masu cewa ita ta shirya abin.

Tun daga lokacin nake wannan tunani, kuma ga matsayata a fili: duk marubucin da ya fara karɓar kuɗin mutane, ko yake sayar da wani abu ta waya, ya kamata ya mallaki suna nasa na kansa a intanet, ya kafa imel a kan sunan. Ba don burga ba. Don kada duk sana'arsa ta rataya a kan lambar waya guda ɗaya.

Mu da muka taso a wannan yanki na arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Kunci, mun san darajar ƙasa fiye da yadda ake tsammani. Gonakinmu ƙanana ne, iyaka na jikin iyaka, gamba ce kawai ta raba, kuma ba a barin gona ta huta ko shekara ɗaya. Abin da ya riƙe ta shi ne takin gida da ake ta jida da jaki da amalanke tun rani. To amma ka lura da dattawanmu. Mutum yana da gonar gado, yana da ta aro ko ta jingina. Takin nan mai kyau da ya tara shekara guda, wacce yake kai wa? Ba ya kai wa ta aro, don ya san baɗi mai ita zai iya cewa yana son abarsa, ya gaji ƙarfin ƙasar da wani ya gina. Mu kuwa marubutan onlayin mun kwashe takinmu kaf, shekara da shekaru na rubutu da tara masoya, mun zuba a gonar da ko sunan mai ita ba mu taɓa ji a bakinsa ba.

Kada a ce zato nake yi. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a faɗin duniya. A watan Yuni na wannan shekarar gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. OkadaBooks, manhajar da marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. A 2024 kuma kowa ya ga yadda aka riƙa toshe layuka saboda maganar haɗa su da NIN, mutane suka yi ta dogon layi a ofisoshin kamfanonin waya. Ga kuma wanda ya fi kusa da mu: waya ta faɗi a kasuwa, ko layi ya daɗe ba a aiki da shi kamfani ya karɓe ya sayar wa wani.

Ga abin da ya fi damuna. Littafi ya fi layi tsawon rai. Ku duba dakumen-dakumen ɗin tsofaffin littattafai da ke yawo a gurufa, waɗanda aka rubuta shekara biyar ko shida da suka wuce. A saman kowane shafi an rubuta "mai buƙatar ci gaba ya tuntuɓi wannan lamba". Kira lambar ka ji. Wata a kashe, wata wani mai sayar da gawayi ne zai ɗauka. Wato ga mai saye ya zo da kuɗinsa a hannu, ya tarar an tashi daga gidan, ba wanda ya san inda aka koma.

To mene ne wannan suna da nake ta faɗa? Shi ake kira domen. Duba adireshin imel ɗinka, abin da ke bayan alamar @ shi ne domen. Idan gmail.com ne a wurin, to kana zaune ne a gidan Google. Kamar yadda a da, lokacin da ake rubuta wasiƙa, mutumin ƙauye ba shi da akwatin gidan waya, sai a rubuto masa ta hannun hedimastan firamare. Wasiƙa tana isowa, ba laifi, amma akwatin ba nasa ba ne. Idan kuwa ka sayi suna, misali sunanka.com.ng, za ka iya yin adireshi kamar littafi@sunanka.com.ng, kuma kai ne za ka faɗa wa duniya inda za a riƙa kai wasiƙunka. Yau ka ce a kai wa wannan kamfani, gobe idan ya ɓata maka ka ce a kai wa wancan. Adireshin da ka buga a littafi bai canza ba. Nan ne duk amfanin yake.

Yanzu maganar "kyauta", don a nan ake yaudarar mutane. Za ku ga bidiyoyi ana cewa ka buɗe imel na kasuwanci kyauta. Rabin gaskiya ce. Akwatin imel ɗin za ka iya samu kyauta. Sunan kuwa saye ake yi, kuma duk shekara ake sabuntawa. An taɓa yin wani kamfani, Freenom, da ke raba sunaye masu ƙarewa da .tk da .ml kyauta. 'Yan damfara suka cika wurin, kamfanin Meta ya maka shi a kotu a 2023, ya daina rajista, a farkon 2024 ya sanar da barin harkar. Waɗanda suka gina sana'a a kan sunayen kyautar nan suka wayi gari ba su da komai. Shi kansa Google ya taɓa bayar da imel mai sunan kanka kyauta, ya rufe ƙofar ga sababbi tun 2012. Don haka shawarata, sunan dai ka saya da kuɗinka. Sauran ka ci kyautar muddin ana bayarwa.

Mu a Najeriya sunayen da ke ƙarewa da .ng suna hannun wata ƙungiya da ake kira NiRA, wadda aka kafa a 2005. Ba ita ke sayarwa kai tsaye ba, akwai kamfanonin da ta amince da su, irin su QServers. Na fi son .com.ng a kan .com saboda dalili biyu. Ya fi araha, kuma da naira ake biya, da katinka na banki ko ta taransifa, ba ruwanka da hawa da saukar dala. Ni da na sabunta nawa, kuɗin masu karatu ashirin na littafin ɗari biyar sun rufe shi har da canji. Shekara guda ke nan.

Wajen zaɓen suna a yi hattara da abu ɗaya da ya shafe mu mu Hausawa. A aikace ba za ka saka ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunan ba, don ko an yarda, mai neman ka ba zai iya bugawa a wayarsa ba. Idan sunan alƙalaminki yana da "ƙura", to "kura" zai koma, kin ga daga tayar da ƙura an koma tayar da dabbar dawa. "Ƙaya" ta zama "kaya". Rubuta sunan ba lanƙwasa, ka ba wani ya karanta da ƙarfi kafin ka biya. Kuma ya zama gajere, wanda za ka iya faɗa wa mutum a waya cikin hayaniyar tasha ya rubuta daidai. Sannan kada ki sa sunan littafi guda. Littafi yana ƙarewa, ki sa sunan da za ki rayu da shi.

Bayan an sayi suna, hanyoyi biyu na gwada da hannuna. Ta farko Zoho Mail, na wani kamfanin Indiya. Suna da tsarin kyauta da ke ba da akwati har na mutum biyar a kan suna ɗaya, kowane da gigabait 5. Sun ɓoye shi can ƙasan shafin farashi, sai ka gangara sosai, kada ka danna na gwaji wanda zai nemi kuɗi daga baya. Za su ba ka wani ɗan layin rubutu ka liƙa a shafin da ka sayi suna, don su tabbatar naka ne. Daga nan su ba ka layuka uku da ake kira MX. Waɗannan su ne umarnin da ke gaya wa duniya ta kai wasiƙunka wurinsu. Sai wasu biyu, SPF da DKIM, waɗanda suke kamar hatimi a kan wasiƙa, shaidar cewa daga gare ka ta fito. Kada ka tsallake su don gajiya. Tun farkon 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan, wasiƙar da ba hatimi tana iya faɗawa kwandon tarkace ko a mayar da ita. Aibin tsarin kyautar shi ne ba za ka karanta saƙon a cikin manhajar Gmail da ka saba ba, sai ka sauke tasu manhajar.

Ta biyu Cloudflare. Shi ba akwati yake ba ka ba, ɗan aike ne. Duk saƙon da aka turo adireshinka mai suna sai ya miƙa shi cikin Gmail ɗinka na da. Ya fi sauƙi ga wanda ba ya son ƙarin manhaja a wayar da ta riga ta cika. Amma karɓa kawai yake yi, idan ka ba da amsa da tsohon adireshinka za ta fita, sai dai in ka ƙara wani aiki a kai. Wanda zai riƙa aika takardu ga kamfanoni ya ɗauki Zoho. Wanda kawai yake so a same shi, Cloudflare ya ishe shi.

Akwai kuma wata dabara da ta fi imel ɗin ma amfani ga mai sayar da littafi a WhatsApp. Shi wannan sunan da kika saya, za ki iya saita shi a Cloudflare kyauta ya zama duk wanda ya danna sunanki.com.ng ya faɗa kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Sai ki daina rubuta lamba a saman shafi, ki riƙa rubuta sunan. Ranar da layi ya tafi, ki shiga ki canza inda sunan yake nunawa. Duk dakumen ɗin da ke yawo, har wanda aka sace aka watsa ba da izininki ba, ya koma yi miki talla zuwa sabuwar lambarki. Da 'yar uwarmu ta Makoɗa tana da wannan, ba zai hana a sace ta ba, gaskiya ɗaya ce. Amma da a daren farko ta juya sunan zuwa lambar ƙanwarta, kuma da masu karatu suna da inda za su tambaya.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa min a taronmu na wata. "Malam, masu karatunmu ba sa duba imel." Haka ne. Matar auren da ke karanta littafinki bayan ta kwantar da yara ba za ta taɓa turo miki imel ba, kuma ban ce ki tilasta mata ba. Amma ba ita kaɗai ce mai neman marubuci ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ba a guruf ake miƙa labari ba. Masu neman a fassara musu takarda, masu shirin rediyo, masu neman a rubuta musu labarin fim ko a tace musu rubutu, duk da imel suke aiki. Ni kaina na taɓa jin kunyar da ba zan manta ba. Wata ƙungiya ta nemi in turo farashin fassarar wani ɗan littafin wayar da kai. Adireshin da nake da shi lokacin tun ina aji biyar na sakandare na buɗe shi, da wani laƙabin soyayya da lambobi huɗu a ƙarshe. Da shi na tura. Ba zan rantse cewa shi ya hana ni aikin ba, amma da na sake karanta wasiƙar na ga sunan a sama, ni ma da ni ne su da na yi shakka. Je ka Dawanau ka ga masu fitar da riɗi da zoɓorodo ƙasashen waje. Ciniki a waya ake fara shi, amma takardun da ke ɗauke da miliyoyi ta imel suke tafiya.

Wasu kuma suka ce sabis. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, ni ma sai na hau tudun bayan makaranta nake samun sanda uku. Amma saitin sau ɗaya ake yi. Ranar da ka shiga Bichi ko Ɗambatta ko Kazaure, ka zauna awa guda inda sabis yake da ƙarfi ka gama. Bayan nan saƙon imel na rubutu zalla bai kai hoto ɗaya na sitatus cin data ba.

Ƙorafin da na fi girmamawa shi ne na wata ƙanwarmu da ta ce ita ko littafi ɗaya ba ta gama ba. Ke kam ba da ke nake ba tukuna. Ki gama littafinki. Ba na son wannan maƙala ta zama wata sabuwar hanyar guje wa rubutu, mutum ya kwana yana zaɓen suna da tambari alhali babi na uku ya gagare shi. Abin da ya wajaba a kanki yau, ke da kowa, shi ne ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu, ki sa lambar sirri, ki haɗa da imel ɗin da kike iya buɗewa. Minti biyu ne, ba ko sisi. Kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobin da aka turo miki, ko da muryar shugaban ƙungiya ya zo, ki kashe wayarki.

Shi ma sunan yana da nasa haɗarin, ba zan ɓoye ba. Na kwatanta shi da gonar gado, amma a gaskiya ya fi kama da rumfar kasuwa: taka ce muddin kana biyan kuɗin shekara. Idan ka manta, za a ɗaga maka ƙafa na ɗan lokaci, daga nan a sake shi, kowa na iya saye, kuma duk wasiƙar da aka aiko maka hannun sabon mai shi za ta faɗa. Wannan ya fi ɓatan layi muni. Ni na sayi nawa da kaka, don sabuntawar ta riƙa faɗowa lokacin da aka sayar da gyaɗa da wake, aljihu da ɗan nauyi, ba tsakiyar Agusta ba da kowa ke lissafin kwanon masara. Wanda yake da hali ya biya na shekara biyu lokaci guda.

Abu na biyu, kada ka bari wani ya yi maka rajista da sunansa. Idan yaron shagon kwamfuta zai taimaka maka, ka zauna kusa da shi, sunanka da lambarka da imel ɗinka za a saka, kai za ka buga kalmar sirri da hannunka. In ba haka ba ka biya kuɗi ka saya masa. Na uku, akwatin kyautar nan ba na watsa talla ba ne. Idan ka tara adireshin mutum ɗari uku ka tura musu saƙo ɗaya lokaci guda, za a iya rufe maka shi.

Ga ƙungiyoyinmu kuwa, ina ganin a nan ne abin ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Ƙungiya mai mutum talatin za ta iya sayen suna ɗaya daga kuɗin wata-wata, a yi wa kowane mamba adireshinsa a ƙarƙashinsa ta hanyar Cloudflare, saƙon kowa ya tafi wayarsa. Kowa ya samu ba tare da ya ji nauyi ba. Sai dai mun san halinmu. Ƙungiyoyin marubuta nawa ne suka dare gida biyu a kan wa zai zama shugaba, ko a kan wa aka fifita a fosta? Ranar da aka ɓata, wanda kalmar sirri take hannunsa ya tafi da adireshin kowa. Don haka idan za a yi, a rubuta a kundin ƙungiya cewa sunan na ƙungiya ne, mutum uku su san mabuɗin, a riƙa canza shi duk lokacin da aka canza shugabanci. Wanda kuma ya fara samun ciniki sosai ya fita ya sayi nasa, ya bar na ƙungiya ga masu tasowa.

'Yar uwar tamu yanzu ta sayi nata. Mun yi saitin ne a shagon cajin waya ranar kasuwa, da wayata da tata, janareto na ta ƙara a kunnenmu. Mun yi kuskure a layin MX sau ɗaya, saƙon gwaji bai shigo ba sai bayan la'asar. Littafinta na huɗu da ta fara saki makon jiya, babu lambar waya ko ɗaya a samansa.

Wanda ya gwada ya maƙale a wani mataki, ya ɗauki hoton inda ya tsaya ya ajiye a sharhi, amma ya rufe kalmar sirrinsa da lambarsa kafin ya ɗora. Zan riƙa leƙowa bayan isha'i idan sabis ya yarda.